"Da Ma Yana Da Ciwo"

Akwai wata magana da mu kan ji a zaman makoki, ko a Kura, ko a Bunkure, ko a ƙauyukan da ke bakin hanyoyin ruwa na Kadawa. Dattijo ya kwanta da mura da tari da zazzaɓi, bayan kwana bakwai ko goma numfashi ya gagare shi, ya rasu. Masu gaisuwa su zo su zauna a kan tabarma, wani ya yi tambaya a hankali, "Me ya same shi?" Sai a amsa masa, "Ai da ma yana da ciwo. Hawan jini ne." Kowa ya kaɗa kai, a ce Allah shi ba da haƙuri, magana ta ƙare ke nan.

Wannan magana ba ƙarya ba ce, da kyakkyawan nufi kuwa a kan faɗe ta, domin a sanyaya zuciyar masu makoki. Amma ya kamata mu auna ta da kyau, gama akwai tambaya a ƙarƙashinta. In mutum da ma yana da ciwo, wata cuta kuma ta zo ta ƙarasa shi, hakkinsa ya sauka daga wuyanmu ke nan? Ko kuwa ciwon nan da muka sani tun da wuri, shi ne ya ƙara mana nauyin kiyaye shi?

Abin da ya faru a Kano

Bari mu tuna da shekara ta 2020. An sami mutum na fari mai cutar korona a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu a Ikko, a Kano kuwa ran 11 ga Afrilu. Cikin makonnin nan masu haƙa kabari a birni suka fara faɗa cewa gawa ta yi yawa fiye da yadda suka saba gani, yawancinsu kuwa dattawa ne. Da fari gwamnatin jihar ta ce hawan jini ne, da ciwon sukari, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro. Ran 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya sa aka kulle Kano mako biyu, aka kuma aiko da likitoci ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo su bincika.

Tun da ya ke an rigaya an binne mutanen, hanyar da ta rage ita ce a bi gida gida a tambayi iyalinsu yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Cikin watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ba da labarin abin da aka samu. An lissafta mutum 979 da suka mutu a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewayensa. Tsakanin kashi 50 da kashi 60 cikin 100, in ji shi, mai yiwuwa korona ce ta kashe su ko ta tayad da ciwon da su ke da shi tun da. Yawancinsu sun wuce shekara 65, fiye da rabinsu kuwa a gida suka mutu. Kura da Bunkure ba su cikin wannan lissafi, amma kowa ya san motocin tumatir da shinkafa da ke shiga birni kullum, da 'ya'yanmu da ke kai da kawowa. Abin da ya shiga birni ba ya daɗewa bai iso mu ba.

Mutane suka yi ta gardama a lokacin nan, waɗansu suna cewa korona ce, waɗansu suna cewa hawan jini ne, sai ka ce dole ɗaya ya zama ƙarya. Kakanninmu sun ga babbar mura ta 1918, wadda ta sauka Ikko daga jirgin ruwa cikin watan Satumba ta bi hanyar jirgin ƙasa har arewa, an kuma kimanta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. Su ba su da hanyar sanin abin da ke faruwa cikin jikin mai ciwo. Mu kuwa muna da ita, gama yanzu likita yana iya ɗiban jini kaɗan ya karanta labarin zuciya a ciki. Abin da jinin ya nuna shi ne, sau da yawa masu gardamar nan duka biyu gaskiya su ke faɗi.

Yadda ciwon ƙirji ke kai ga zuciya

Mu da mu ke noman rani ba za mu sha wuyar gane wannan ba. Ruwa ya kan taso daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ya bi babbar hanya, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya kai ga ko wace gona. Wanda gonarsa ke kan tudu ya kan sa injin ban ruwa. Zuciya ita ce injin jiki, jijiyoyi su ne hanyoyin, jini kuwa shi ke ɗauke da iskar oksijin daga huhu zuwa ko wace gaɓa, har da naman zuciyar kanta.

Sa'ad da ƙwayar cuta irin ta bairas, ko ta korona ko ta mura mai tsanani, ta kama huhu, huhun ya kan kumbura ya tara ruwa, iskar da ke shiga jini ta ragu. Zazzaɓi kuma yana sa jiki ya bukaci iska fiye da kullum. Sai zuciya ta yi ta bugawa da sauri domin ta cika abin da ya rage, alhali ita ma abincinta ya ragu. Kamar a tilasta wa inji ya yi aikin yini biyu a yini ɗaya, a kuma rage masa mai. Sabon inji ya iya jurewa. Wanda ya shekara goma yana aiki da ƙyar, nan ne ya kan tsaya.

Akwai kuma hanya ta biyu. Jiki yana da mayaƙansa, in cuta ta shigo su kan tashi su yi faɗa da ita. A waɗansu mutane faɗan ya kan wuce iyaka, kumburi ya bi jiki duka, har ya taɓa naman zuciya, ko ya rikita bugawarta ta riƙa tsalle ko gudu ba tsari. Hanya ta uku ita ce daskarewar jini. Yadda laka da ciyawa su kan toshe hanyar ruwa, gonar da ke ƙasa ta bushe ko da madatsa tana cike, hakanan gudan jini ya kan toshe jijiya. In ya toshe ta huhu, numfashi ya yanke. In ya toshe wadda ke ciyad da zuciya, shi ne abin da a ke kira bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, sai ɓarin jiki ya shanye.

Kada a ce wannan halin korona ne kaɗai, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke dokar ta ɓaci a kanta tun 5 ga Mayu 2023. A 2018, kafin a san korona, likitoci a lardin Ontariyo na Kanada sun nuna cewa cikin kwana bakwai na fari bayan an tabbatar mutum yana da mura mai tsanani, hatsarin bugun zuciya ya kan ninka wajen sau 6. Mura tana nan tare da mu ko wace shekara, musamman da hunturu, lokacin da manomi ke shiga ruwa da asuba cikin sanyi da ƙura, mata kuma suna tsaye a kan hayaƙin turara shinkafa.

Shaidar jini

Akwai wani abu cikin naman zuciya da likitoci ke kira turofonin. Muddin zuciya tana lafiya, a cikinta ya ke zaune, ɗan kaɗan ne ƙwarai ke fita. In naman ya ji rauni, sai ya zubo cikin jini bayan 'yan sa'o'i, ya kuma daɗe kwanaki ana ganinsa. Kamar manomi ne da ya ga baƙin mai yana bin ruwa, ya san akwai abin da ya fashe cikin injin ko da yana jin ƙararsa yana tafiya.

A farkon 2020 likitocin wani asibiti a birnin Wuhan na ƙasar Sin sun duba mutum 416 da aka kwantar da korona. Mutum 82 a cikinsu, watau kusan ɗaya cikin biyar, jininsu ya nuna zuciya ta ji rauni. Cikin waɗannan, kashi 51 cikin 100 suka mutu. Cikin waɗanda zuciyarsu ba ta taɓu ba, ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Waɗanda zuciyarsu ta taɓu kuwa, yawancinsu sun fi sauran tsufa, hawan jini da ciwon sukari kuma sun fi yawa a cikinsu.

Akwai wani gwaji da a ke kira di-daima, wanda ke nuna ɓurɓushin gudan jini da jiki ke ƙoƙarin narkarwa. Wani bincike a Wuhan a kan mutum 191, waɗanda 54 daga cikinsu suka mutu, ya nuna cewa wanda di-daimarsa ta hau tun ranar da aka kwantar da shi ya fi zama cikin hatsari. An kuma lura cewa wani irin fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da bairas, su kan ragu ƙwarai a jikin waɗanda ciwon ya tsananta musu. Gwajin nan ba duba ba ne, ba su faɗin ranar mutuwar kowa. Di-daima ta kan hau a jikin mace mai ciki, turofonin kuma ya kan hau ga mai ciwon ƙoda, sabo da haka sai likita ya haɗa su da abin da ya gani da idonsa, da abin da ya ji a ƙirji. Amfaninsu shi ne su nuna wanda ya kamata a tsaya a kansa dare da rana, a ba shi oksijin, a ba shi maganin hana daskarewar jini in ya cancanta.

Tsagaggen bango

To, mu koma ga tambayarmu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gaskiya ne, shaidar jini ma ta yarda da haka. Amma ina mai gidan da zai ga bangonsa ya tsage, damina tana gabatowa, ya naɗe hannu, bayan ya faɗi ya ce, "Ai da ma a tsage ya ke"? Maƙwabta za su ce masa, "Tun da ka san a tsage ya ke, me ya hana ka yaɓe?" Tsagaggen bango da a ke yi wa yaɓe ya kan shekara ashirin a tsaye, yana tsare iyali.

Hakanan mai hawan jini. Kimanin mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da shi, da yawa kuma ba su sani ba. Suna noma, suna aurar da 'ya'ya, suna sasanta rigimar rabon ruwa, suna riƙe da marayu. Dattijon da mura ta ɗauke yana da shekara 65, da ya tsallake makon nan mai yiwuwa ya ga jikokin jikokinsa. In muka ce "da ma yana da ciwo" da nufin cewa ba a yi hasarar kome ba, mun ƙidaya shekarun mai rauni kamar ba su kai na mai ƙarfi daraja ba. Wannan kuwa mugun awo ne, gama da shi za a auna mu ran da ƙarfinmu ya tafi.

Mata ma suna cikin wannan. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta labarin ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, arewacin Nijeriya kuwa yana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Mai jego da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, in mura ta same ta, ba abin da za a bar wa ruwan zafi da kunun kanwa ba ne.

Sabo da haka sanin raunin mutum bashi ne a kan wanda ya sani. Saurayi mai ƙarfi da ya dawo daga kasuwar Kwanar Gafan da tari, shi kwana uku zai yi ya warware, amma in ya shiga ɗakin kakarsa ya zauna kusa da ita yana tari, ya kai mata abin da zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ba ya nufin mugunta, amma rashin mugun nufi ba ya mai da rai. Mu ma da mu kan cika ɗakin mara lafiya da sunan gaisuwa, mutum goma sha biyu cikin ɗaki mai taga ɗaya, sai mu tuna ƙauna tana bukatar hankali.

Abin da a kan ce

Wani zai ce, "Ajali ne, in ya zo ba makawa." Ba mu musun cewa ran mutum ba a hannunsa ya ke ba. Amma ba mu taɓa ganin manomin da hanyar ruwansa ta fashe ya zauna ya ce rabonsa na shinkafa a rubuce ya ke. Ya kan tashi da dare da fitila da shebur. In mun san haka a kan shinkafa, ƙaƙa za mu manta da shi a kan uba ko uwa? Kiran ajali bayan an yi iyakar ƙoƙari ta'aziyya ne. Kiransa tun mai ciwo yana numfashi, domin kada a ɗauki wahalar zuwa asibiti, lalaci ne da ya sa rigar tawakkali.

Wani kuma zai ce, "Gwajin nan na masu kuɗi ne." Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu raina ta ba. Gwajin turofonin sai manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ɗakunan gwaji na birni, ga kuɗin mota, ga na jinya. Amma yawancin abin da ke ceton rai ba shi da tsada haka. Awon hawan jini da na sukari ana yinsu a ƙananan asibitoci. Akwai ɗan awo da a ke maƙalawa a yatsa ya nuna yawan oksijin cikin jini. Mai lafiya ya kan nuna 95 zuwa 100, in ya sauka ƙasa da 90 kuwa sai a gaggauta. A sani dai, wani bincike a Amurka a 2020 ya nuna awon nan ya kan ɗara gaskiya a kan baƙar fata, sabo da haka in mutum yana haki kada lamba mai kyau ta ruɗe mu. Jama'ar da ke iya haɗa kuɗi ta sayi taki da man inji, tana iya haɗa kuɗi ta ajiye domin motar asibiti.

Akwai kuma mai cewa, "Gara kada in sani, sani tsoro ne." Amma rashin sani ba ya rufe tsaga. Mai gida da ya ɓoye ciwon ƙirjinsa domin kada a ce ya raunana, ya hana matarsa da 'ya'yansa zarafin taimakonsa, sa'an nan ya bar musu baƙin cikin "da mun sani". Shi ma akwai hakkinsu a kansa.

Wanda ya tashi, da gonarsa

Wuri mafi wuya shi ne bayan zazzaɓi ya sauka. Mutum ya ji sauƙi, ya ci tuwo, ya leƙa waje ya ga tumatir ya nuna, ko ranar ruwansa ta zo, ko alkama ta isa yanka. Jiki ya ce masa ya warke, amma zuciya ba ta gama warkewa ba tukuna. In likita ya tabbatar naman zuciya ya kumbura, shawarar likitocin zuciya ita ce a bar aikin ƙarfi wata 3 zuwa 6, gama a lokacin nan ne bugawarta ke iya rikicewa farat ɗaya mutum ya faɗi. Wata 3 kuwa a Kadawa kusan noman rani ɗaya ne cur. Tumatir ba ya jiran kowa, mai bin bashin taki ma haka.

Faɗa wa talaka ya huta ba tare da an ɗauke masa kaya ba, ba'a ce. Wanda ke aikin lada a gonar wani, ran da bai fita ba ba a ɗora tukunya a gidansa. In muna so ya ji maganar likita, sai wani ya ba gonarsa ruwa, wani ya tsinke masa tumatir ya kai kasuwa ya kawo kuɗin cif, mai gonar da ya ke yi wa aiki kuma ya ba shi aiki mara nauyi, kada ya sallame shi. Iyayenmu suna da gayya tun kafin a gina Tiga. Ba a kira gayya domin mai ƙarfi, domin wanda aiki ya fi ƙarfinsa a ke kiranta. Ekklesiya ko unguwa da ta iya taruwa ta haƙa kabari da sauri, ya kamata ta iya taruwa ta yi ban ruwa tun mai gonar yana da rai. Maƙwabci kuwa maƙwabci ne, ko wane masallaci ko majami'a ya ke zuwa, gama hanyar ruwa ɗaya mu ke sha.

Abin da ya wajaba a kanmu

'Yan'uwa, bari ko wane gida ya san masu rauninsa tun kafin hunturu: tsofaffi, da masu hawan jini ko sukari, da masu jego. A auna su, mai shan magani kuma kada ya bari don ya ji sauƙi. Mai tari ya nisanci ɗakinsu, ya rufe baki, ya wanke hannu. In akwai allurar rigakafi, su ne na fari da za a kai.

In mura ta zo da ciwon ƙirji, ko haki har mutum ba ya iya kwanciya sai a zaune, ko kumburin ƙafa, ko faɗuwar gaba da suma, ko rikicewar hankali, kada a jira gari ya waye sau biyu. A kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita dukan ciwon da ya ke da shi tun da, ba ɓoye ɓoye. Kada a sayi deksametason a kanti a ba shi da ka. Gaskiya ne babban gwajin da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna maganin nan ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan injin numfashi, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda a ke ba oksijin, amma bai amfani waɗanda ciwonsu bai kai haka ba, yana kuma tayad da sukari.

In kuwa an yi dukan wannan mutum ya tafi, sai mu yi makoki da zuciya a kwance, gama ba mu bar bangon ba yaɓe ba. Amma maganar nan, "da ma yana da ciwo", wurinta ba zaman makoki ba ne. Mu riƙa faɗinta tun da sauran lokaci, a bakin ƙofar ɗakinsa, ga yaron da ke tari, da ga mai mota, da ga likita, da ga maƙwabcin da zai riƙe masa ruwa. Allah shi ba mu idon ganin mai rauni tun yana tsakaninmu.